Ma'aunin zafin abincina ya ƙi kai 100 a tafasasshen ruwa, na murɗa shi, ko na ɓata?

Maman Biyu, Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sana'ar girki da duk wanda ya san kan abin nan a taimaka min. Ina karɓar odar abincin biki da suna a nan Jos, yawanci jalof da soyayyiyar shinkafa da kaji, wani lokacin har kaji tamanin a rana ɗaya in bikin babba ne. Wata uku da suka wuce ƙanwata ta kawo min ma'aunin zafin abinci irin mai allurar nan, kansa zagaye kamar agogon hannu, sai dogon tsinke na ƙarfe da ake sokawa a nama, tace min in dai zafin cikin kaza ya kai digiri 74 to ta dahu ba sai na yi ta yankawa ina leƙawa ba. Gaskiya naji daɗinsa sosai, don da sai na tsattsaga cinya biyu ko uku a kowane zubi kafin hankalina ya kwanta.

To sati biyu da suka wuce ya suɓuce daga kan kanta ya bugi tayil. Bai fashe ba amma raina bai kwanta da shi ba, sai na tuna tun muna makaranta an koya mana ruwa a digiri 100 yake tafasa, na ɗora ruwa ya tafasa yana ɓararraka na tsoma tsinken, allurar ta hau ta hau ta tsaya a 96 ta ƙi gaba. Na ƙara wuta, na jira har ruwan ya ragu rabi, 96 dai. Sai na juya shi na ga wani ɗan noti a ƙarƙashin kan, na ɗauko filayar maigida na murɗa har allurar ta zauna cif a kan 100, nace shikenan na gyara.

Ranar Asabar na kai odar wani ɗaurin aure, da yamma uwar amarya ta kira ni tace abinci yayi daɗi sai dai wasu baƙi sun ce cinyoyin kajin da ja-ja a jikin ƙashi kamar basu ƙarasa ba. Alhamdulillahi har yanzu ba wanda aka ce min yayi ciwon ciki, amma wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba, don abincin da za ka dafa wa mutum ɗari biyu har da yara da tsofaffi da masu juna biyu amana ce. Kuma duk kajin nan sai da na ga 74 da idona kafin na kwashe.

Shin faɗuwar ce ta ɓata shi, ko murɗawar da na yi, ko dama can irin waɗannan ba abin yarda bane? Kuma ya ake gane ma'auni yana faɗin gaskiya in ba ka da wani da za ka gwada shi da shi? Ina da wata odar ranar Juma'a mai zuwa, dan Allah a taimaka.

Gwaggon Yara

Wa alaikumus salam. 'Yata ni dai shawarata ki ajiye wannan ƙarfen ki koma wa idonki da hannunki. Shekarata talatin da ɗoriya ina girkin taro ban taɓa soka wa kaza wani ma'auni ba, huda cinya zaki yi da wuƙa ki ga ruwan da ya fito, in fari ne tas ta dahu, in da ja ki mayar. Kuma kajin agirik ɗin nan yara ne, sati shida bakwai ake yanka su, ƙashinsu bai yi ƙwari ba, ko kin dafa har naman yana sakin ƙashi sai ki ga jikin ƙashin yayi ja ko duhu-duhu, balle in sun kwana biyu a firiza. Kada ki ɗaga hankalinki. Ki riƙa sulala su da kayan ƙamshi sosai kafin suya, shi ne kwanciyar hankali.

Kukun Otal, Kaduna

Hajiya kada ki jefar da shi, amma dan Allah kada ki sake taɓa notin nan sai kin samu ƙanƙara. Ni kuku ne, shekarata sha ɗaya a kicin ɗin otal, kuma duk safiyar Litinin kafin a kunna wuta abin da muke fara yi kenan, a gwada ma'aunai duka a rubuta abin da kowanne ya nuna a littafi. Da ƙanƙara muke gwadawa. Dalili kuwa ƙanƙarar da ke narkewa cikin ruwa mai tsabta tana nan a 0 ko a Legas kike ko a Jos, shi kuwa tafasar ruwa yana da alaƙa da tudun gari. Ina kyautata zaton ma'auninki lafiyarsa ƙalau lokacin da ya nuna miki 96, murɗawar ce ta karkatar da shi. Amma ƙanƙara ce za ta raba gardama.

Ki sa fiya wata uku ko huɗu a firiza su daskare, ko ki saya wajen masu ƙanƙara in dai ta ruwa zalla ce. Ki naɗe a tsumma mai tsabta ki daddaka da taɓarya ta zama ƙanana, ki cika dogon kofi da ita dam har baki, kofin da zai riƙe sanyi ya fi, irin na filas ko roba mai kauri, don na silba nan da nan yake narkar da ita a zafin kicin. Sai ki zuba ruwan sanyi kaɗan ya cike ramukan da ke tsakanin ƙanƙarar kawai, ki juya da cokali ki bar shi kamar minti biyu uku. Inda mutane suka fi kuskure shi ne su cika kofi da ruwa su jefa gutsuren ƙanƙara uku suna yawo a sama, wannan ba gwaji bane, ruwan da ke ƙasan kofin zai iya zama 3 ko 4 ko fiye. Dole ƙanƙarar ta kai har gindin kofi. Kuma kada gishiri ko suga ya shiga, ko ƙanƙarar zoɓo, don suna saukar da sanyin ƙasa da 0. Haka ƙanƙara busasshiya da aka ciro yanzu daga firiza ba ruwa, ita ma ta fi 0 sanyi nesa, firiza mai kyau tana kai 18 ƙasa da sifili, shi ya sa sai an haɗa da ruwan an jira.

Ki tsoma tsinken a tsakiya ya nutse aƙalla santimita 5, tsawon ɗan yatsa kenan kusan, kada ya taɓa gindin kofi ko gefe, kan agogon kuma kada ruwa ya taɓa shi. Ki ƙirga sakan 30 ko fiye har allurar ta daina motsi. In 0 ta nuna, ko 32 in a layin F (Fahrenheit, ma'aunin Amurkawa) kike karantawa ba na C (Celsius) ba, to lafiya lau. In ba haka ba sai ki riƙe notin da filaya ko ƙaramar sifana ki juya kan a hankali, tsinken yana cikin ƙanƙarar fa, kada ki ciro shi waje ki murɗa, har allurar ta zauna a 0. Ki ciro ki bar shi ya ɗan huta ki sake tsomawa ki tabbatar. Mu a wajen aiki in kuskuren bai wuce digiri 1 sama ko ƙasa ba muna ci gaba da aiki da shi, in ya wuce a gyara, in ya ƙi gyaruwa a cire shi daga kicin ɗin gaba ɗaya.

Wani abu da ba kowa ya sani ba game da mai allurar nan, ba bakin tsinken kaɗai ke jin zafi ba. A cikin tsinken akwai wata 'yar waya mai lanƙwasa ta ƙarfe iri biyu da aka manne, zafi ne ke sa ta murɗewa ta juya allurar, kuma tana ɗaukar tsawon wajen santimita 5 daga baki. Ki duba jikin tsinken da kyau, yawancinsu akwai wani ɗan lotsawa kamar ɗigo, to daga baki har wannan ɗigon dole ya shige cikin naman. A cinyar kaza ƙarama sai ki soka ta gefe, a kwance, ta inda tsokar ta fi kauri, kada ki bari ya jingina da ƙashi, kuma kada bakin ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ki ciro cinyar daga mai kafin ki soka, in ba haka ba zafin man zai yaudare ki. Ki ba shi sakan 15 zuwa 20. Kuma babbar cinya zaki zaɓa a kowane zubi, ba ƙarama ba.

Gwaggo, maganarki kan jan ƙashi gaskiya ce ɗari bisa ɗari, launin ɓargo ne ke fitowa ta ƙashin 'yar kaza musamman wadda ta daskare, kuma ba ya nufin ɗanya ce. Sai dai Allah ya ba ki haƙuri, shi ya sa ma ido kaɗai ba ya isa, tunda launin yana iya yin ja alhali ta dahu, yana kuma iya yin fari alhali tsakiyar ba ta kai zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta irin su Salmonella ba. Ke da kike sulalawa sosai kafin suya kin tsira, amma masu gashi a oben ko masu jefa ɗanyar kaza kai tsaye a mai, waje yayi ja-wur ciki bai ji wuta ba, su ne abin tsoro.

Malamin Kimiyya, Zariya

Salam. Ni ba mai girki bane, fiziks nake koyarwa a sakandare, amma 96 ɗin nan da kika gani 'yar uwa ita ce amsar da ya kamata ki gani a Jos. Abin da aka koya mana na 100 gaskiya ne amma da sharaɗi, a bakin teku ne, kuma mu malamai sau da yawa muna faɗin lambar mu manta da sharaɗin.

Iskar da ke samanmu tana da nauyi, tana danna saman ruwan da ke tukunya. Ruwa ba ya tafasa sai tururinsa ya samu ƙarfin da zai ture wannan dannawar. In kika hau tudu iskar da ke samanki ta ragu, dannawar ta yi sauƙi, sai ruwan ya tafasa tun bai kai 100 ba, kuma da zarar ya fara tafasa ko itacen duniya zaki zuba ba zai ƙara zafi ba, sai dai ya ƙafe da sauri, shi ya sa kika ƙara wuta allurar ba ta motsa ba. Lissafin da ake yi a saukake, duk hawan mita 300 tafasa na sauka da kamar digiri 1. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, kinga huɗu kenan, 100 a cire 4 saura 96. Kano da take ƙasa da mita 500 ruwa na tafasa a 98 da ɗan ɗoriya, mu nan Zariya da Kaduna wajen 98, Legas 100, can saman Mambila kuwa wajen Gembu 95 ne ko ma ƙasa da haka kaɗan. Har yanayin ranar ma yana ɗan taɓa shi kaɗan. Shi ya sa wake da ganda suka fi jan lokaci a garuruwan tudu, shi ya sa kuma tukunyar nan mai kulle murfi take dafa su da wuri, don tana tara tururi ta ƙara dannawar har ruwan ya kai kusan 120 kafin ya tafasa.

Yanzu ki duba abin da murɗawar ta yi. Kin tura allurar gaba da digiri 4, to ko'ina ta tsaya ƙarin 4 ɗin nan na nan. In ta nuna 74 gaskiyar 70 ce. In ta nuna 60 gaskiyar 56 ce. In kika yi gwajin da Kuku ya faɗa daidai, kafin ki taɓa notin ina sa ran zaki ga 4 a maimakon 0, in kuwa kika ga wata lamba dabam mai nisa to faɗuwar ma ta taɓa shi.

Shawarar da zan ƙara ɗaya ce. Bayan kin daidaita shi a ƙanƙara ki koma tafasasshen ruwa ki sake tsomawa, amma wannan karon dubawa kawai zaki yi, ba murɗawa. Ya nuna 0 a ƙanƙara ya nuna 96 ko kusa da ita a tafasa, to kin kama shi ta kai da ƙafa, duk abin da ya faɗa a tsakani, har da 74 ɗinki, abin yarda ne. In kuwa yayi daidai a ƙanƙara amma a tafasa ya nuna 90 ko ya haura 100, wayar cikin ta samu matsala, noti ba zai gyara wannan ba, sabo zaki nema. Ki yi hattara da tururi a hannunki, tukunya mai zurfi zaki yi amfani da ita.

Maman Biyu, Jos

Jazakumullahu khairan, Allah ya saka wa iyaye da alheri. Na gwada yau da safe. Na farko 7 na gani gabana ya faɗi, sai na sake karanta bayanin Kuku na ga ashe ruwan ne yayi min yawa ƙanƙarar duk ta taso sama. Na zubar na sake daka wata na cika kofin filas dam, ruwa ɗan kaɗan, na jira, allurar ta sauka ta tsaya a 4 daidai yadda Malam ya faɗa. Na murɗa ya dawo 0 tsinken yana ciki, na ciro na mayar har sau uku 0 dai. Na ɗora ruwa ya tafasa, 96. Ashe faɗuwar ba ta yi masa komai ba. Na kuma ga ɗigon da ake magana a jikin tsinken, da can bakin kawai nake ɗan sokawa, ban taɓa kai shi nan ba.

Amma yanzu wani tunanin ya taso min. Kenan kajin da na kai ranar Asabar 70 suka kai ba 74 ba, shin na ba mutane abin da zai cutar da su? Sannan shinkafar, ina zubawa a manyan kuloli tun wajen sha ɗaya na safe wani lokacin ba a buɗewa sai bayan la'asar saboda jiran dangin ango, ina dai sokawa kafin in fita in ga ta haura 60. Gwaggo na gode da maganar ƙashin, kajin kam sun kwana uku a firiza kafin ranar.

Mai Yogot, Kano

Anti sannu da ƙoƙari, bari in ɗan sa baki saboda masu irin nawa, don na san da yawa masu karanta wannan ma'auni mai batir da ke nuna lamba a gilashi ne da su ba mai allura ba. Ni yogot nake yi ina ƙullawa a robobi, kuma sana'ata gaba ɗaya a kan ma'aunin nan take, ina kai madara 85 sannan in bar ta ta huce zuwa wajen 43 kafin in zuba iri, in na zuba da zafi sosai irin ya mutu na wayi gari da ruwa tsululu, in ta huce da yawa ta ƙi kamawa da wuri tayi ta jan lokaci a zafin Kano wanda shi ma haɗari ne.

Gwajin ƙanƙarar iri ɗaya ne, bambancin mai lamba ba shi da noti. Wasu masu tsada suna da botin da aka rubuta CAL ana danna shi tsinken yana cikin ƙanƙara ya koma 0, amma irin masu arahan da muke samu a kasuwa yawanci babu. Nawa 1 yake nunawa a ƙanƙara kullum, sai na manna salatif a bayansa na rubuta "cire 1" da biro don ko yarinyar da ke taya ni ta ɗauka ta sani. In ya wuce 2 ni kam bana wahalar da kaina da lissafi, sabo nake saya, don ranar da aiki yayi yawa mantawa zaki yi ki ƙara a inda ya kamata ki cire. Kuma in kika ga lambobin sun dusashe ko suna tsalle-tsalle, batir zaki fara canzawa kafin ki yanke masa hukunci, ɗan ƙaramin nan mai kamar maɓalli, masu gyaran agogo suna sayarwa.

Abin da ya taɓa cin min jari shi ne botin C da F. Hannu ya taɓa shi ba mu lura ba ya koma F, yarinyar ta ga 85 ta sauke tukunya, alhali 85 a F ko 30 bai kai ba a C, madarar ko ɗumin kirki ba ta yi ba. Allah ya taimaka na taɓa jikin tukunyar na ji ba zafi. Tun daga ranar duk wanda zai karanta sai ya duba 'yar harafin da ke gefe. 165 a F ita ce 74 a C, 32 a F ita ce 0.

Sai bindigar nan ta auna zafin goshi ta lokacin korona, na ga wasu suna haska wa abinci. Dan Allah a daina. Ta jikin mutum ce, kuma ko irin ta kicin ɗin ma saman abu kawai take gani, ba ta san abin da ke tsakiyar cinya ko ƙasan kula ba. Kuma a riƙa wanke tsinken da sabulu da ruwan zafi duk bayan sokawa, musamman in an soka a kazar da ba ta ƙarasa ba, kada ki ɗauko cutar da hannunki ki kai wa wadda ta dahu. Tsinken kawai, kan kada ya shiga ruwa.

Kukun Otal, Kaduna

Hajiya ki kwantar da hankalinki kan kajin Asabar. Kashe ƙwayar cuta zafi ne da lokaci tare. 74 ɗin da ƙanwarki ta faɗa miki lambar ma'aikatar noma ta Amurka ce, 165 a nasu ma'aunin, an zaɓe ta ne don in nama ya kai nan ba sai an jira ba. Hukumar kula da abinci ta Birtaniya kuma tana cewa 70 na tsawon minti 2, Hukumar Lafiya ta Duniya ma 70 take ambata a shawarwarinta na girki. Kazar da aka tsamo daga mai mai zafi aka tara a roba ba ta hucewa nan take, cikin ma yakan ɗan ƙara hawa. To mai yiwuwa ƙwarai kajin sun tsallake. Abin da kika rasa shi ne ratar tsaro, don ba kowace cinya kika soka ba, kuma ga shi kin ce baki kai tsinken ɗigo ba. Ki ci gaba da riƙe 74, ga mai dafa kaji tamanin ita ce mai sauƙi, ba wanda zai tsaya da agogo a kan kowane zubi.

Ni shinkafar ce ma ta fi damuna. Tsakanin digiri 5 da 60 nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, kuma lokacin da ma'auninki ke nuna 60 kina 56 ne, tun kafin ki bar gida kenan, balle awa biyar bayan nan. Shinkafa tana da wata ƙwaya, Bacillus cereus, da ke da ƙwanso mai jure dahuwa, in shinkafar ta zauna da ɗumi-ɗumi sai ta farka ta saki guba mai sa amai, kuma gubar nan ɗumame ba ya kashe ta. Sau da yawa in aka ce an ci abincin biki an kwana ana amai kaza ake zargi alhali shinkafar da ta yini a kula ce. Soyayyiyar ta fi jalof saurin lalacewa a gani na, saboda hanta da kayan lambu da ake haɗawa daga baya.

Abin da nake yi in za mu kai abinci waje, ina zuba tafasasshen ruwa a kula in rufe minti goma in zubar, sannan shinkafar ta shiga kai tsaye daga wuta tana turiri, a cika kula dam, don rabin kula saurin hucewa yake. Kuma aunawar da ta fi muhimmanci ba ta lokacin fita bace, ta lokacin buɗewa ce. Ki tafi da ma'aunin a jaka, ki soka a tsakiya ki kuma soka a gefe kusa da bango da can sama, nan ne ke fara sanyi. In ta sauka ƙasa da 60 ƙa'idar ita ce kada ta wuce awa 2 a haka, a ranar da zafin gari ya haura digiri 32 na C Amurkawa ma awa 1 suke cewa. Ku a Jos sanyin garin ne zai riƙa ja muku kula ƙasa da wuri musamman da hunturu. In kin san sai la'asar za a ci, ki gaya wa masu biki gaskiya ki dafa kashi biyu, na rana dabam na yamma dabam, kuma kada a juye sabuwa a kan ragowar tsohuwa.

Gwaggon Yara

To wannan ta kula kam na yarda da kai ɗana, na sha ganin shinkafa ta yi yauƙi a ƙasan kula tun kafin magariba. Mu da can a kan murhu muke barin tukunya da garwashi a ƙasa har a gama rabo, kulolin nan ne suka zo daga baya. Kaza dai ni har gobe sai na huda na gani.

Maman Biyu, Jos

Na kira masu odar Juma'a mun yi magana, sun yarda a raba biyu, na farko ƙarfe ɗaya na biyu ƙarfe huɗu, na ɗan ƙara musu kuɗin gas basu yi musu ba. Na sa fiya wata shida a firiza tun yanzu saboda wutar unguwarmu ba tabbas, ranar da asuba zan sake tsoma shi kafin in ɗora komai, na kuma samo ɗan littafi zan riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya nuna kamar yadda Kuku yace suna yi. Mai Yogot dan Allah in kin sake leƙowa ki faɗa min ko naki mai lambar yana shiga cinya ƙarama da fiffike da kyau, don mai allurar nan tsinkensa yayi wa fiffike kauri, ina so in ƙara ɗaya kafin bikin Sallah.